Kafaɗar da Ta Tare Baba Kafinta

Kafin ma'aikatan asibitin su gama isowa, ita ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗaki ne a can ƙarshen baranda, bayan sashen gashin ƙashi, inda a da ake jibge karyayyun gadaje. Abu na farko, ta tuɓe takalmi ta bi ƙasan ɗakin da tafin ƙafarta, lungu-lungu, tana neman inda ruwa ya ɗiga ko yashi ya shigo. Sai ta share, ta goge, ta jira ya bushe ƙarau. Ta jijjiga ƙarfen da ake dafawa don kada a faɗi, ta ji ko ya yi sako-sako. Ta jera kujeru a jikin bango. Sannan ta jawo wani faifai mai kama da sikelin awon nauyi, ta ajiye shi gaban talabijin, ta hau da kanta ta gwada. In ta karkata dama, ɗan kwalekwalen da ke cikin talabijin ya yi dama. In ta yi hagu, ya bi ta. Duwatsu na tahowa a cikin ruwa, aikin wanda ke kan faifan shi ne ya kauce musu da nauyin jikinsa kawai, ba sitiyari, ba maɓalli.

Wasan gem ne, irin wanda ake korar yara daga kansa. Kuma duk cikin masu zuwa su yi layi don su hau, babu wanda bai yi furfura ba.

Ƙafa-Ɗaya suke kiranta. Baƙo in ya ji sunan sai ya zaci gurguwa zai gani, sai ga mace doguwa, ƙafafu biyu garau, tana tafiya kamar ana jiranta. Sunan daga bakinta ya fito, don kullum ka wuce ta ƙofar ɗakin abin da za ka ji ke nan: "Ƙafa ɗaya, Baba! Ƙafa ɗaya, Inna! Kada a kalli ƙasa!" A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya, kuma ita wannan jinjina take nufi. Amma wanda ya fi kowa sanin abin da matar nan ta yi, wani tsohon kafinta ne, don haka ta wurinsa za a bi.

Baba Kafinta bai je asibitin don kansa ba. Dubiya ya je. Lafiyarsa ƙalau, yana cin abinci, yana faɗa, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. A baranda tsakuwa ta shige masa takalmi, ya dafa bango ya cire, ya karkaɗe, ya mayar. Sai ya ji murya a bayansa.

"Sannu Baba. Tun yaushe ka fara dafa bango in za ka sa takalmi?"

Ya juyo ya kalli matar daga sama har ƙasa. "Ke kuma wace ce?"

"Ma'aikaciya ce a nan. Tambaya kawai na yi."

"Ni kike tambaya? Ni da na ƙare ƙuruciyata a saman rufin gidaje, ina tafiya a kan katako mai faɗin tafin hannu, guduma a hannu, ƙusa a baki?"

"Madalla. To saki bangon, ka ɗaga ƙafa ɗaya mu gaisa."

Ya ɗaga, don ya kunyata ta.

"Ina kwana, Baba?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba ga..."

Bai ƙarasa ba. Barandar ta juya masa, ya kai hannu ya cafki iska. Sai ya ji yatsu sun riƙe masa gwiwar hannu gam. Ashe tun kafin ya ɗaga ƙafar ta riga ta matso. Ya tsaya baki buɗe, yana kallon ƙafafunsa kamar na aro ne. Bai ji ciwo ba, bai ji jiri ba, babu abin da ya taɓa gaya masa cewa an yi masa sata a jiki. Da ya koma gida ya kulle ɗaki ya sake gwadawa kusa da gado, ko dai matar ce ta yi masa wani abu. Gadon ne ya tare shi. Ya daɗe zaune a bakinsa, hannu a haɓa.

Ranar da ya nemi ɗakin nata, saura kaɗan ya juya daga bakin ƙofa. Dattawa ne zaune a jere, maza da mata, wasu ma sun girme shi, suna ihu kamar 'yan kallon ƙwallo. "Dama! Dama! Kai, ta ci dutse!" A kan faifan kuwa wata tsohuwar shugabar makaranta ce, wadda har yanzu kowa ke kira Hedimistires, ta ɗaure gyale a ƙugu tana lanƙwasa kamar reshe.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Malam, ko ka shigo ko ka rufe mana ƙofa. Kana saka mini haske a talabijin."

Ya shigo. Da aka zo kansa, babu dutsen da kwalekwalensa bai gaisa da shi ba. Hedimistires ta ce, "Ba komai, tunda kafinta ne, shi zai gyara abinsa." Ɗaki ya kwashe da dariya. Ya sauko yana huci, ya rantse ba zai sake taka wurin ba. Ƙafa-Ɗaya ta raka shi bakin ƙofa.

"Baba, ka ji haushi?"

"Wasan yara kika tara mu muna yi. Ni ba mara lafiya ba ne."

"Shi ya sa nake so ka zo. Marasa lafiya suna can." Ta nuna masa sashen gashin ƙashi. "A can na yi yawancin aikina. Na gasa ƙugun mutanen da suka shiga wanka da ƙafarsu, aka fito da su a ɗauke. Lafiyayyu, Baba, kamar kai. Wasu ba su sake takawa ba. Na gaji da jiran a karye sannan a kawo mini. Na yi ta cewa mutane su riƙa motsa jiki a gida, kowa ya ce to, ba mai yi. Amma ka ga wannan? Gobe za ka dawo, don ba za ka yarda matar can ta yi maka dariya ta ci bulus ba."

Ya ce, "Allah ya kiyaye."

Washegari shi ya fara zuwa.

Ke ce, Ƙafa-Ɗaya, kika gane cewa tsoho ba ya son a tausaya masa, amma yana son ya ci wasa. Ke ce kika roƙi ɗakin tarkace, kika kwashe ƙarafan da hannunki, ana yi miki kallon wadda ta rasa aikin yi. Ba ki taɓa ce wa kowa wasan nan magani ne ba. Mai jiri da mai ciwon ƙafa wurin likita kike fara tura su, sai ya yarda sannan su hau. Ba ki taɓa barin mutum a kan faifai ba tare da idonki na kansa ba. Mai ido a ƙeya, in ji Hedimistires, kuma ba ta cika yabon mutum ba.

Babbar 'yar Baba Kafinta ce ta fara zargin wani abu. A gidanta yake zaune tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta ga tsoho yana fita da sassafe da takalmin roba, yana dawowa da gumi da fara'a, in an tambaye shi ya ce wurin abokai ya je. Rannan ta bi shi a baya har ƙarshen barandar. Ta tura ƙofa, ta tsaya cak. Mahaifinta ne, mutumin da ya taɓa kulle na'urar gem ɗin jikokinsa a cikin akwati ya ce tana lalata ƙwaƙwalwa, ga shi ya ware hannuwa, ya turo harshe gefe, yana yi wa talabijin tsawa: "Kauce, ɗan banzan dutse!"

"Baba!"

Kwalekwale ya daki dutse. Ya juyo a fusace. "Kin gani ko? Kin sa na mutu!"

"Innalillahi. Baba, kai ne?"

"Ni ne mana. Samu kujera, kina tare wa mutane."

Ba ta zauna ba. Ta ja Ƙafa-Ɗaya gefe ta ce, "Anti, da girmansa? In ya faɗo daga kan abin nan fa?" Ƙafa-Ɗaya ta ce mata faɗuwar da take tsoro tana can gida, a banɗaki da bakin matakala, inda ba ƙarfen dafawa kuma ba mai tsaye a baya. 'Yar ta tafi ba ta gamsu ba.

Abin da ya gamsar da ita a gidanta ya faru, bayan wasu watanni. An wanke tayil ɗin tsakar falo ba a goge ba, Baba ya fito daga kicin riƙe da butar shayi mai tafasa. Tana kallo ƙafarsa ta dama ta zame ta yi gaba. Ta ƙwalla ƙara, ta rufe ido. Ba ta ji faɗuwa ba. Da ta buɗe, ga shi tsaye, ƙafar hagu ta yi tsalle gefe ta kafe, gwiwa a lanƙwashe, butar na hannunsa. Shi kansa ya fi ta kaɗuwa. Ya kalli ƙasa, ya kalle ta.

"Ban yi tunani ba," ya ce. "Wallahi ban yi tunani ba. Ƙafar ce ta tafi da kanta."

Daga ranar 'yar ce ke tashinsa in ya makara.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya isa a jinjina. Amma akwai ranar da duk wanda ke ɗakin ba ya son tunawa, kuma ba ya iya mantawa.

Baba Kafinta ya ƙware. Ya ƙware har kai ya fara kumbura. Hedimistires kaɗai ta rage masa, kuma ita ta kai matakin da ruwan ke gudu, duwatsu na zuwa bibbiyu. Ƙafa-Ɗaya ta ce masa da saura, ya ƙara haƙuri. Rannan ta sunkuya tana ɗaure wa wata tsohuwa igiyar takalmi, taku kaɗan daga faifan, shi kuma yana tsaye yana jira ta zo ta kunna masa. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki rimot, ya kai wasan matakin Hedimistires, ya hau, ya saki ƙarfen dafawa gaba ɗaya.

Duwatsun farko ya wuce su. Ɗaki ya fara tafi. Sai biyu suka taho tare, ya kwanta dama da ƙarfi, ya so ya dawo hagu a lokaci guda. Dunduniyarsa ta sauka daga gefen faifan. Ya tafi da baya, miƙe kamar an sare itace, ƙeyarsa ta nufi kusurwar teburin ƙarfen da ake ajiye kaya.

Babu wanda ya iya faɗin yadda Ƙafa-Ɗaya ta iso. Wadda ake ɗaure wa takalmi ta ce ta ga dai igiyar ta faɗi daga hannun matar. Hedimistires ta ce ba gudu ta yi ba, jefa kanta ta yi. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne ƙarar. Wani ƙas, kamar an karya busasshen katako. Ɗakin ya yi tsit, sai kiɗan wasan kawai ke tashi.

Baba na kwance rigingine, ido a rufin ɗaki, yana jiran ciwon ya iso. Ya san ƙarar karyewa, ya kuma tabbata tasa ce. Ya motsa wuya, lafiya. Ya motsa ƙugu, lafiya. Sai ya ji abin da yake kwance a kai yana numfashi. Murya ta fito daga ƙarƙashinsa, a shaƙe.

"Kowa ya zauna a kujerarsa. Kada wanda ya taso da gudu. Baba, ka bugu?"

Ya mirgina gefe. Tana kwance tsakaninsa da teburin, kafaɗarta ta dama ce ta daki kusurwar, nauyinsa duka ya bi ta kai. Hannun ya sauka ƙasa da inda Allah ya ajiye shi. Gumi ya wanke mata fuska. Wata tsohuwa ta fashe da salati, wani dattijo ya fita kiran nas.

Ta dafa ƙasa da hannun hagu ta zauna, ta jingina da bango. Ta ce, "Baba, tashi."

Ya tashi.

"Hau faifan."

Hedimistires ta miƙe tsaye. "Ƙanwata, kin yi hauka ne? Kafaɗarki ta karye!"

"Na sani, Yaya, a jikina take. Mayar masa da wasan matakin farko, ki tsaya a bayansa. Baba, riƙe ƙarfen da hannu biyu ka hau."

"Ba zan iya ba, 'yar nan. Na kashe ki."

"Ba ka kashe ni ba, ga ni ina magana. In ka fita ɗakin nan da tsoron da ke idonka, ba za ka dawo ba. Gobe ka ji tsoron matakala, jibi ka ji tsoron banɗaki, daga nan sai kujera. Na ga masu yawa. Ba zan karye a banza ba. Hau."

Ya hau. Mutumin da 'ya'yansa ba su taɓa ganin hawayensa ba ya tsaya a kan faifan yana kuka kamar yaro, kwalekwale na tafiya a hankali cikin ruwa. Nas biyu suka shigo da keken marasa lafiya suka tsaya sororo, sun rasa wa za su ɗauka. Sai da ya kauce wa dutsen farko ta lumshe ido ta ce, "To, yanzu ku kai ni."

Ke ce kika yi wannan, Ƙafa-Ɗaya. Da ƙashi a karye kika tsaya gyaran zuciyar wanda ya karya shi. Garkuwar tsofaffi, wadda ba ta tambayi nauyin mutum ba kafin ta shiga ƙarƙashinsa.

Bayan haka an so a rufe ɗakin. Shugabannin asibitin suka ce abin ya yi haɗari, wasu 'ya'yan suka hana iyayensu zuwa. Baba Kafinta ya shiga ofis da kansa ya ce laifinsa ne, shi ya ɗauki rimot, in akwai wanda za a kora shi ne. Sannan ya kwaso kayan aikin da ya daɗe da ajiyewa, ya fitar da teburin ƙarfen, ya kewaye faifan da madafa ta katako ta ko'ina, ya goge kowace kusurwa har ta yi sulɓi. Hedimistires ta bi gida-gida tana yi wa 'ya'yan mutane faɗa kamar ɗalibanta. Aka bar ɗakin a buɗe. Ƙafa-Ɗaya ta dawo da hannu rataye a wuya, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da aka kwance hannun ta ce ya warke sarai, kowa ya yi hamdala, shekaru suka wuce.

Sai ranar sallama. An cika ɗakin har baranda. Tsofaffin sun haɗu sun yi mata kyautar agogon bango, Baba ne ya yi masa gida da katako mai kyau, har ya kafa ƙusa don ta rataya a ɗauki hoto. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga. Hannun hagu ya tafi. Na dama ya kai daidai ƙirji ya tsaya, yana rawa. Ta yi murmushi ta sake gwadawa. Bai wuce nan ba.

Baba ya ce, "Mene ne haka?"

"Ba komai, Baba. Nauyi ne da shi."

Wata nas da ta daɗe tana aiki da ita ta kasa daurewa. Ta ce tun ranar nan hannun bai sake hawa sama ba. An yi wa kafaɗar tiyata, an sake yi, bai yi ba. Ita ke ɗaura mata ɗankwali kowace safiya a ɗakin canza kaya kafin a buɗe ƙofa. Kuma ritayar ma ba lokacinta ne ya yi ba, ita ta nema, don ta ce hannu ɗaya ba ya tare mutum.

Ba wanda ya yi motsi. Hedimistires, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta toshe baki da gyale. Baba ya lalubi kujera ya zauna. Duk shekarun nan yana gaishe ta kullum, yana tsokanarta, yana cin wasa yana yi mata gwalo, bai taɓa lura cewa da hagu take miƙa masa ruwa ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, za ka ci gaba da zuwa?"

Ya girgiza kai.

"To ka gani. Ni kafaɗa na rasa, Baba, kuma ina da wata. Kai ƙeya ɗaya gare ka." Ta miƙa masa agogon. "Tashi ka rataya mini. Ai kai ne mai hawa sama."

Ya tashi ya rataya shi daidai, ko da yake bai ga ƙusar sosai ba saboda ruwan da ya cika masa ido.

Ɗakin na nan, wata matashiyar ma'aikaciya da ta horar ce ke riƙe da shi yanzu. Ita kuma Ƙafa-Ɗaya ba ta yi nisa ba. A makon farko na hutunta aka gan ta ta shigo, ta samu kujera a jikin bango ta zauna cikin layi. Ta ce ai ita ma furfura ta fito, kuma ba ta fi kowa ƙafa ba. Hedimistires ta lallasa ta a wasan farko, ba ko sassauci.

Mun gode, Ƙafa-Ɗaya. 'Ya'yan da iyayensu ke shiga wanka su fito da ƙafarsu sun gode, ko da ba su san fuskarki ba. Jikokin da har yanzu kakanninsu ke zuwa musu ziyara, maimakon a kai su gaban gado su gaishe su, sun gode. Allah ya saka miki, ya sauƙaƙa miki ciwon da kika ɓoye, ya ba ki masu riƙe ki ranar da kika buƙata.

Ku kuma masu karatu, kada ku tsaya a mamaki. Mai aikin lafiya, akwai ɗakin da ba a amfani da shi a wurin aikinka, nemi makullinsa. Mai tsoho a gida, kada ka zaunar da shi da sunan ƙauna, kana kawo masa komai har bakin kujera. Tashe shi, nema masa inda zai motsa a ƙarƙashin idon wanda ya san aikin, ka bar shi ya yi wasa, ya yi gardama, ya ci, a ci shi. In kuma kun san wata irin wannan matar a kusa da ku, ku je ku gaishe ta tun tana ji, ku dube ta da kyau, ku tambaye ta ina ke mata ciwo.